Rodin da Na Cusa a Wutsiyar Jirgin Ƙanena

Ni mai walda ne. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ɗiyata ce ke riƙe da biro ina faɗa mata, don haka in kun ga magana ta zo a tsaye, haka nake yin ta. Lokacin da abin nan ya faru ina da rumfar walda a Gummi, bakin hanyar da ta nufi Bukkuyum. Kafin nan na zauna a Abare ta ƙasar Anka, ina gyaran injinan niƙa dutsen zinari. A can gubar dalma ta ɗauke min yara biyu maza, ɗaya bayan ɗaya. Ban san ƙurar da nake shiga gida da ita a rigata ce ke cin su ba. Na binne su, na ɗaure kayan aikina a babur, na kwaso iyalina na dawo Gummi wurin Inna. Tun daga nan na rage magana. Mutum ya ce min abu zai yi kyau, ba na amsawa. Abin da na yarda da shi, bayan Allah, ƙarfe ne mai kauri.

A wurinmu ba a sayen abu a yi aiki da shi yadda ya zo. Sabon babur, kafin a ɗora masa buhu ɗaya, sai an kawo shi rumfata. In cusa rodi a cikin bututun kariyar da ake ɗaure kaya, in liƙa faranti a inda na san zai tsage, in ƙara masa abin taka ƙafa. Wanda ya ƙera shi bai taɓa bin hanyar Adabka da damina ba, ni na bi. Haka nake yi wa amalanke, da kurar ruwa, da ƙofar shago, har gadon amarya. Ba a taɓa dawo min da aiki an ce ya karye ba. Sai dai a ce ya yi nauyi, wannan kuwa ban taɓa ɗaukarsa ƙorafi ba.

Ina da ƙane ɗaya, autanmu. Yana rarrafe mahaifinmu ya rasu, a hannuna ya tashi. Ni na kai shi boko, na ce shi ba zai ƙona idonsa a walda ba. Ya yi karatu, ya sami aikin gyaran ƙananan jirage a Kaduna, har aka koya masa tuƙi. Wata rana ya buga min waya ya ce in share bayan rumfa, mota na tafe da kaya. Maigidansa ne zai bar ƙasar, ya bar masa wani jirgi da bai ƙarasa haɗawa ba. Ashe akwai jirgin da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin akwatuna, mutum ya harhaɗa abinsa a gida. Kujera ɗaya gare shi. Auta ya ce a Kaduna ba shi da fili, kuma ko da yana da shi, ba shi da mai waldar da ya yarda da hannunsa sai ni. Maganar ta zauna min. Wannan duk kafin a hana tashin jirage a jiharmu ne.

Da aka buɗe akwatunan na tsaya ina kallo. Bututun gangar jikin siriri ne kamar karan dawa, in na sa gwiwa zan lanƙwasa shi. Na fikafikan kuwa alminiyam ne, ɗiyata ma tana ɗaga shi da hannu ɗaya. Na tambaye shi ina sauran ƙarfen. Ya yi dariya ya ce ke nan. Na ce da me za a rufe shi, ya nuna min yadi. Yadi, irin wanda ake naɗewa a kanti. Daga ranar ya kafa min sharaɗi, ya ce in yi walda inda ya nuna kawai, kada in ƙara ko noti ɗaya, don komai an auna shi tun daga inda aka yo shi. Na ce to.

Mun daɗe muna aikin, don sai ya sami hutu yake zuwa. Damina ta shiga ta fita. Ban taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba, ko da yake rabinsa ban gane ba. Shi ke magana, ni ina saurare. Ya koya min yadda ake manna yadin da gam, a bi shi da dutsen guga a hankali har ya ɗame kamar fatar ganga. Akwai mai faci kusa da rumfata, tsoho ne mai sanƙo da tsokana. Shi ya raɗa wa jirgin makara mai fiffike. Kullum Auta ya zo sai tsohon ya leƙo ya tambaye shi ko a tanadi likkafani tun da sauran araha. Auta ya ce masa ya ci gaba, ranar da ya tashi sai ya auna tsakiyar sanƙon ya tofo yawu daga sama. Su yi ta dariya. Ni ba na dariya. Kalmar makara ba ta ba ni dariya.

Da aka ɗora inji da farfela sai Auta ya ce saura awo. Muka aro sikeli uku wurin masu sayen hatsi, aka ɗoro su a amalanke aka ratso kasuwa da su, rabin gari ya biyo baya don kallo. Aka ɗora kowace taya a kan sikeli ɗaya, biyu na gaba da ƙaramar ta wutsiya. Ya duba, ya yi lissafi, ya shiga ya zauna, ya sake dubawa. Ya ce ya yi daidai. Na tambaye shi mene ne ya yi daidai. Ya ce kamar mangala ce a kan jaki, in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, tafiya ba ta yiwuwa. Na ce na gane. Na ɗauka na gane. Abin da ya shiga kaina shi ne hagu da dama.

Bayan kaka muka tura jirgin wani fili a bayan gari don Auta ya gwada gudu a ƙasa, ba tashi ba. Filin ya bushe da sawun shanu a jikinsa. Ya yi ta kai da kawowa, wutsiyar na tsalle a baya. Da ya kashe inji muka tarar bututu ɗaya ya tsage kusa da ƙaramar tayar. Ni wannan ya ishe ni shaida. Shi kuwa ya ce ba komai, filin ne, in bar shi yadda yake, zai taho da madadinsa daga Kaduna. Washegari ya koma bakin aiki.

Bayan tafiyarsa Inna ta zo rumfa. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta zagaya jirgin da sandarta, ta leƙa kujerar, ta sa yatsa ta danna yadin ya lotsa. Ta ga inda ya tsage. Ba ta kiran sunana, Babba take ce min. Ta ce, "Babba, wanga abu shi za ya ɗauki ɗana?" Na ce haka ya ce. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai ka binne naka biyu, ka san yadda abin yake. Ni ban iya binne wanga." Ta juya ta tafi gida.

Ba ta ce in yi komai ba. Ni na yi. Na ɗauko bututu mai kauri, irin wanda nake yi wa amalanke, na kewaye kujerar da shi sama da ƙasa da gefe, kamar keji. Sannan na koma wutsiya. Na farke yadin, na yanke inda ya tsage, na cusa rodi a cikin bututan wutsiyar guda huɗu, kowanne tsawon hannuna, na liƙe, na ɗora faranti a gindin tayar. Na tuna maganar mangala, don haka tare na yanka rodin, na gwada su a tafin hannu, na hagu daidai da na dama. Na mayar da yadi, na bi shi da dutsen guga yadda ya koya min, na shafa fenti. Wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa wurin ba. Ranar na ci abinci na ƙoshi.

Da Auta ya dawo kejin ya fara gani. Ya ce ai ya gaya min kada a ƙara komai, wannan jirgi ne, ba amalanke ba ne. A gaban mai faci ya faɗa, da wasu masu babur da ke jiran aiki. Bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Yaron da na goya. Magana ta kai gida, Inna ta aiko aka kira shi, ta ce in ya cire ƙarfen yayansa ya hau abin nan, ba da yawunta ba. Ya dawo rumfa idonsa ja, ya yi ta lissafi, ya ce tunda kejin a tsakiya yake, inda shi kansa ke zama, jirgin zai iya ɗauka. Sai ya tambaye ni ko akwai wani abin bayan wannan. Na ce ya je ya duba da kansa, tunda shi ne mai ilimi. Na ɗauki butata na tafi masallaci.

Na sha tambayar kaina ko ɓoyewa na yi. Ban sani ba. Fushi nake yi, wannan na sani. Kuma a kaina aikin wutsiya gyara ne, abu ya tsage na liƙe shi yadda nake liƙe komai. Ya je ya duba, ya ga tsagar ta ɓace, ya ƙwanƙwasa, ya ce waldar ta yi tsabta. Ya ajiye bututun da ya taho da shi a kan benci. Bai sake aro sikeli ba. Da ya ƙara gwada gudu a ƙasa ya ce wutsiyar na jinkirin ɗagawa, amma yana jin rashin kyan filin ne. Ina tsaye na ji, ban haɗa wannan da wancan ba.

Ranar tashi da safe ne, iska ba ta motsi. An gaya wa mai unguwa, an kori dabbobi daga filin. Auta ya ce ɗagawa kawai zai yi kaɗan ya sauka. Mutane sun cika gefe. Inna ta ƙi zuwa. Ni na kama wutsiyar na juya masa ita ta fuskanci filin, na ji ta cika min hannu, na ji daɗi. Ya ɗaura ɗamara, ya ɗaga wa mai faci hannu, ya nuna masa sanƙo. Inji ya ɗauka. Ya yi gudu, ya yi gudu, sai ga tayoyi sun bar ƙasa. Mutane suka yi kabbara. Amma hancin bai tsaya ba, ya ci gaba da ɗagawa sama. Ina hango Auta ya duƙa gaba yana tura sandar tuƙi da hannu biyu. Jirgin ya kai tsayin giginya, ya miƙe kamar zai tsaya da wutsiya, ya yi cak a sama. Sai ya karkata hagu ya faɗo.

Ban san yadda na isa wurin ba. Farfela ta tarwatse, fikafikai sun naɗe kamar tsohuwar tabarma, injin ya turo baya. Kejin nan ne ya tare shi, ko lanƙwasa kirki bai yi ba. Auta na ciki da ransa, ƙafarsa ta hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Fetur na zuba, ba halin in kawo wuta in yanka. Da zarto na yanke kejin, ƙarfen da na zaɓa da kaina don kada ya yanku. Ina yankawa yana nishi, ina zagin kaurinsa, ina gode wa Allah da kaurinsa. Aka ɗauke shi zuwa Sakkwato. Ƙugu ya karye, ƙafa ta karye wuri biyu.

Daga nan abin ya fara rikice min. Gari ya ɗauka ni na ceci yaron. Mai faci ya daina tsokana, ya koma ba da labari, duk wanda ya tsaya shan iska a taya sai ya ja shi bayan rumfa ya nuna masa kejin. Aiki ya ƙaru min, mutane na zuwa daga Bukkuyum da ƙauyuka su ce a sa musu irin ƙarfen da ya faɗo daga sama bai karye ba. Inna kullum na je gaishe ta sai ta dafa kaina ta sa min albarka. Ni ma na yarda. Ina zuwa asibiti in zauna gefen gadonsa ina jiran ya ce Yaya ka yi gaskiya. Bai ce ba. Ya kan kalli rufin ɗaki ya ce shi dai bai gane abin da ya ɗaga hancin ba.

Da aka sallame shi ya dawo Gummi da sandunan asibiti. Rana ta fari da ya iya fita ya ce in kai shi bayan rumfa. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce in ɗaga wutsiyar. Na ɗaga. Ya ce in ɗora masa ita a hannu. Ya riƙe, ya sauke. Ya ce in farke yadin. Ya ga farantin. Ya ce in sa zarto a bututu ɗaya. Na sa, zarton ya ci bututu ya tarar da rodi. Sai ya fara yi min bayani a hankali, kamar yana gaya wa mara lafiya. Ya ce ɗan nauyi kaɗan a can ƙarshen wutsiya ya fi buhu a tsakiya, shi ke danna baya ya ɗaga gaba. Na ce ai na auna, na hagu daidai yake da na dama. Ya kalle ni, ya fashe da dariya yana riƙe ƙugu, har hawaye suka zubo. Ban san lokacin da dariyar ta koma wani abu ba. Sai a sannan na tuna babur. Sau nawa na ga an lafta wa kariya kaya tayar gaba ta tashi sama? A rumfata ma an yi. Ban san inda wannan sanin ya tafi ba ranar da nake cusa rodin.

Na tambaye shi don me bai sake awo ba, shi da ya san komai. Ya ce ya so. Amma sake awo sai an ɗauko sikelin nan an ratso kasuwa da su, bayan kowa ya ji mun yi faɗa, kuma Inna ta sa baki. Gummi duka za ta ce Auta bai yarda da hannun yayansa ba. Ya ce kunyata ya ji, ya zaɓi ya hau haka nan. Na ce to ke nan ni na kayar da kai. Ya ce, "Kai ka kayar da ni, Yaya. Kai kuma ka tare ni. In ka gano yadda ake yi da irin wanga, ka gaya min, don ni ban gano ba."

Na je na gaya wa Inna, don albarkar da take sa min ta fara ƙona ni. Na yi mata bayanin rodi da wutsiya iyakar yadda na iya. Ta saurara har na gama. Ta tambaye ni ko ɗanta na raye, na ce yana raye. Ta tambaye ni ko zai sake hawa abin, na ce ba zai sake ba. Ta ce to ita ba ta ga abin da na ɓata ba, ta dafa kaina ta sa min albarka kamar kullum. Na gaya wa mai faci, ya ce in daina ɓata labari mai daɗi. Har yau yana nuna wa mutane kejin. Wutsiyar na nan kusa da shi, babu mai kallonta.

Auta bai koma Kaduna ba, ƙafar ba ta hawa tsani. Yana gyaran janareta da injin ban ruwa a gefen rumfata. Ba ya yi min gori, ba ya kuma cewa ya yafe, ni ma ban roƙa ba, don ban san wanne zan roƙa a kai ba. In na ce da ban taɓa jirgin ba, sai in tuna filin nan da tsagar nan, in ce wa ya sani ko wani abin ne zai kayar da shi babu keji. In na ce na kyauta, sai in ji ƙarar sandarsa a kan siminti. Yanzu in jirgi ya ratsa sama mutane kan yi tsit, kowa ya san farautar 'yan bindiga ke kawo shi. Shi kaɗai ke ɗaga kai ya bi shi da ido har ya ɓace. Ni ƙasa nake kallo.

Kwanakin baya sandar tasa ta lanƙwashe, ta alminiyam ce, mara nauyi. Ya miƙo min ya ce in duba. Na juya ta, na leƙa cikinta, rami ne fayau. Ban ankara ba sai ga guntun rodi a hannuna, har na gwada shi a bakin bututun. Ya shiga daidai. Na ɗaga kai na ga yana kallona. Na zare rodin na jefa ƙarƙashin benci, na miƙe sandar yadda take na ba shi. Ya dogara ya tafi. Na bi shi da ido har ya sha kwana, raina na gaya min za ta karye. Ba ta karye ba. Har yanzu raina bai daina gaya min ba.

Ban iya wa'azi ba. Abin da zan ce wa 'yan'uwana masu walda da makanikai shi ne, in an kawo muku abin da ba ku taɓa gani ba, aka ce kada ku ƙara, to kada ku ƙara. In tsoro ya sa kun ƙara, ku faɗa da bakinku, ko kuna fushi. Ku kuma ƙanne masu ilimi, in awo ya kama a sake shi, ku sake, ko da za a ratsa kasuwa da sikeli a gaban yayyenku. Da ya kunyata ni ranar, da na yi fushi na huce. Wannan kaɗai na tabbatar. Sauran kuwa, ko ceton yaron nan na yi ko nakasa shi, ina buɗe rumfa da tambayar, ina rufewa da ita, shi kuma yana gefena yana kwance janareta.